Harsunan da Suka Tsaya a Bakin Gada

Bara, a daren rufe makon al'adu, na samu wuri can baya kusa da ƙofa ina kallon ƙungiyoyin ɗalibai suna hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya. Ƴan Agadas suka fito da rawunansu da takubba, ƴan Difa suka zo da algaita, ƴan Doso da Tilaberi suka cashe, mu kuma na Maraɗi muka kawo kalangu da fura a ƙwarya. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Daga ƙarshe aka kira shugabannin ƙungiyoyin, aka miƙa wa kowa takardar yabo saboda ƙoƙarin da ya yi wajen haɗa kan ɗalibai. Mai gabatarwa da Faransanci ya yi magana tun daga farko har ƙarshe, takardar yabon ma da Faransanci aka rubuta ta. Ban ga laifinsa ba, to da wane harshe zai yi? Amma abin ya tsaya mini a rai. Mun nuna tufafinmu, mun nuna abincinmu da kiɗanmu, harsunanmu kuwa a waƙa kawai aka ji su. Da gari ya waye kowa ya ninke rawaninsa ya koma anfi.

Tun daga ranar nake son in bi sawun wannan al'amari a tarihi: wa aka buɗe wa ƙofar karatu mai zurfi a ƙasar nan, yaushe, kuma me aka ce ya ajiye a waje kafin ya shiga. Ni ɗalibin ilimin harsuna ne, don haka mai karatu ya yi mini uzuri in ya ga na fi daɗewa a kan maganar harshe.

Sai mun koma lakwal ta zamanin Nasara kafin mu gane jami'a. Faransawa sun mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, a 1926 kuma suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai Yamai. Makarantar da suka kafa ba don jama'a ta samu ilimi suka kafa ta ba. Suna neman tafinta ne, da malaman ofis, da mushe-mushen da za su koyar da na baya. Wanda ya yi zarra sai a tura shi Senegal, makarantar William Ponty. Can ne Bubu Hama ya yi karatu, ya dawo a matsayin malamin makaranta na farko ɗan Nijar da ya fito daga wurin. Can ne kuma Jori Hamani ya yi. Harshen koyarwa ɗaya ne tak. Ko a taron Brazzaville na 1944, wanda ake cewa a nan Faransa ta fara sassautowa, an sake jaddada cewa da Faransanci kaɗai za a koyar, harsunan gida kuma ba su da wuri a cikin aji.

Wannan doka tana da ɗan aike, sunansa sambol. Babana ya ɗauke shi a wuyansa a makarantar ƙauyensu, shekaru bayan tafiyar Nasara, ka ga ke nan abin bai bi masu shi ya tafi ba. Wani ƙashi ne ko guntun icce da aka ɗaura wa zare. Yaron da aka ji ya yi Hausa sai a rataya masa, shi kuma ya dinga laɓe yana sauraron ƴan uwansa har ya kama wani ya sauke masa. Wanda yamma ta yi abin yana wuyansa, shi zai sha bulala. Abin da ya fi ba ni mamaki a labarin shi ne mushen da kansa Bahaushe ne, in an tashi lakwal da Hausa yake cinikin goro. Tsallaken iyaka kuwa, a Kano, tun 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta da Hausa, a 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya. Ba wai Ingilishi sun fi Faransawa ƙaunar mutane ba, kowa da dabarar mulkinsa. Sai dai sakamakon ya bambanta: ɗan Katsina ya tashi ya tarar da littafi a harshensa, ɗan Maraɗi, wanda kakanninsa daga Katsinar suka fito, ya tashi ya tarar da ƙashi a wuya.

Lokacin da aka samu mulkin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Jami'a kuwa babu. Mai son wucewa gaba sai Dakar, ko Abijan, ko Faransa. Shekara goma sha ɗaya aka yi a haka. A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, da fannin kimiyya aka fara, a 1973 ta zama Jami'ar Yamai. Shugabanta na farko Bubakar Ba ne, masanin lissafi. Mazaunin da aka ba ta yana hayin kogi, Harobanda, wato bayan ruwa da Zabarmanci, gadar Kennedy da aka buɗe a 1970 ita ta haɗa ta da gari.

A nan ne abin ya fara ba ni sha'awa. A daidai waɗannan shekaru Yamai tana cikin garuruwan da suka fi ko'ina a Afirka ta Yamma hidima da harsunan gida. A 1966 an yi taro a Bamako ƙarƙashin UNESCO don tsara baƙaƙen rubuta harsuna shida, biyar daga ciki namu ne: Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Kanuri. A 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai, wadda daga baya ta koma hannun Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da sunan CELHTO. Julde Laya ya daɗe yana jagorantarta. Bubu Hama, yana shugaban majalisar dokoki, ya bi malamai gida-gida yana tara tsoffin takardun Larabci da ajami, su ne tushen dubban rubuce-rubucen da ke ajiye a cibiyar IRSH har gobe. A 1978 a Yamai aka zauna aka fito da jerin baƙaƙe na bai ɗaya don harsunan Afirka. A farkon 1980 a Yamai ɗin dai masana daga Nijar da Najeriya suka zauna don daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa. To amma duba taswira. CELHTO da IRSH suna cikin gari, a wannan gaɓar. Anfi-anfin da ake yaye likitoci da alƙalai da malaman lise suna waccan gaɓar. Harsunan sun samu masu bincike a kansu, sun samu ƙamus da baƙaƙe, amma ba su haye gada sun zama abin da ake koyar da ilimi da shi ba.

Kada in yi rashin adalci. Akwai sashen ilimin harsuna a tsangayar adabi, ana nazarin harsunan ƙasa a ciki, malamai da dama sun ƙarar da rayuwarsu a kan wannan aiki, wasu kuma irin su Fatimata Munkaila sun tattara adabin baka na Zabarmanci sun adana. Sai dai ni da nake cikin fannin na san yadda abin yake: muna fayyace karin sautin Hausa da Faransanci, muna rarraba ajin aikatau da Faransanci, in an zo jarrabawa da Faransanci za ka bayyana dalilin da ya sa “fari” da “fara” suka bambanta. Hausa ita ce gawar da ke kan tebur, wuƙar kuwa ta wani ce.

Abin da ya ƙara wa labarin ɗaci shi ne sunan da jami'ar ke ɗauke da shi. Abdu Mumuni an haife shi a Tasawa a 1929, asalin gidansu kuwa Kirtashi ne a bakin kogi. Masanin fizik ne, ya yi suna a binciken hasken rana, ya jagoranci ONERSOL, ya zama shugaban jami'a a 1979. Yawancinmu iyakar abin da muka sani ke nan. Amma a 1964 ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka, a ciki ya yi wa makarantar mulkin mallaka tatas, ya kuma kafe a kan cewa ba za a ilmantar da jama'a ba sai an koyar da yara da harsunansu. Ba mawaƙi ba ne balle a ce son al'ada ya ɗebe shi, mutum ne mai awo da lissafi. Ya duba ya ga asarar da ake yi in aka sa yaro ya koyi karatu da harshe da lissafi duka lokaci ɗaya cikin bakin da bai taɓa ji a gidansu ba. Ya rasu a 1991, a 1992 aka sa wa jami'a sunansa. Kowace shekara dubban ɗalibai suna karɓar diplom da sunansa a sama. Nawa ne cikinmu suka buɗe littafin? Ni kaina sai a shekara ta uku na karanta shi, shi ma don wani malami ya tilasta mana.

An fa gwada shawararsa, ba a ce ba a gwada ba. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, yara suka fara karatu da Hausa kafin a shigo musu da Faransanci sannu a hankali. Daga baya aka buɗe irinta da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Kanuri, cibiyar INDRAP tana shirya littattafai. Abdu Mijingini ya fito da ƙaramin ƙamusunsa na Hausa zuwa Faransanci a 1987. Binciken da aka yi ta yi a kan makarantun ya nuna yaransu ba su gaza na sauran makarantu ba, a ajujuwan farko ma sun fi su fahimta. Duk da haka shekara da shekaru sunan “gwaji” bai fita daga kansu ba. Ni a ganina dalilin a fili yake. Uba yana kallon ƙarshen hanya ne. In ya ga bak da Faransanci ake yin ta, jami'a da Faransanci, gasar shiga aikin gwamnati da Faransanci, to me zai sa ya kai ɗansa inda ake ba Hausa muhimmanci? Manyan ma'aikatan da ke yabon tsarin a taro ba can suke kai nasu ƴaƴan ba, talaka kuwa yana gani. Muddin saman tsani bai canza ba, matakin ƙasa ba zai yi daraja ba, saman tsanin kuma mu ne.

Akwai wasu ƴan ƙasa da tsarin ya daɗe yana yi wa kallon baƙi: waɗanda suka yi karatunsu da Larabci. Madarasar gwamnati ta farko an buɗe ta a Sayi a 1957, a Sayi ɗin kuma Jami'ar Musulunci ta fara aiki a 1986. Mutum ya haddace nahawu da balaga, ya karanta fiƙihu, ya iya karanta takardun nan da Bubu Hama ya tara waɗanda mu ƴan boko ba mu iya ko sunkuyar da kai a kansu, amma in ya zo neman aiki a tambaye shi ko ya yi karatu. Kalmar “jahili” a bakin ɗan boko tana da ma'anar da ba ta cikin ƙamus.

Yanzu bari in zo kan gadar da kanta. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Shaibu, ɗalibai suka taso daga Harobanda za su shiga gari. Kukansu a kan matakan tsuke bakin aljihu ne da masu ba ƙasa bashi suka gindaya, waɗanda za su taɓa burs da ɗaukar aiki. A kan gada jami'an tsaro suka buɗe wuta. Uku aka tabbatar sun rasu: Aliyo Nahanci, Isaka Kaine da Abdu Maman Sagiru. Duk ɗan USN ya san sunayen nan, kowace shekara ana tunawa da su. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne maganar burs ita ce maganar wa zai iya zama a jami'a. Ɗan babban ma'aikaci a Yamai yana kwana gidansu, yana cin tuwon uwarsa. Ɗan manomi daga Magariya ko ɗan makiyayi daga Ngigmi, in babu burs da ɗaki a site da tikitin resto, to karatunsa ya ƙare ko da shi ne na ɗaya a ajinsu. Waɗanda suka hau gada ran nan daga kowane lungu na ƙasa suke, abin da ya haɗa su kuwa aljihu ne.

Jinin ya buɗe hanyar taron ƙasa, wanda aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, Farfesa Andre Salifu yana shugabanta, ɗalibai kuma suna cikin masu faɗa a ji. Amma dubi abin da ya faru wajen shirya shi. Ƴan ƙwadago da ɗalibai da ƴan siyasa, duk masu kiran dimokuraɗiyya, suka kafa kwamitin share fage, mace ɗaya tak a ciki. Sai da mata suka fito titi ranar 13 ga Mayu 1991 suka yi tattaki zuwa inda ake zaman kafin a ƙara musu kujeru. Shi ya sa 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar. Ina kawo wannan ne don mu ɗalibai mu rage alfahari. Waɗanda aka zalunta jiya sun manta da wasu yau, ba tare da sun ji a jikinsu cewa sun yi wani abu ba. Daga baya Buli Ali Jallo, masaniyar ilimin halittu, ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'ar Yamai, a 2000 kuma aka yi dokar ware wa mata kaso a muƙamai. An ci gaba, ba shakka. Amma kowa ya leƙa anfin kimiyya ya ƙirga kallabi. Ƴan matan da muka fara lakwal tare a garinmu, kafin a kai aji na shida rabi sun watse, kafin brebe saura ƙalilan, mu da muka ci bak a unguwarmu babu mace ko ɗaya. Jami'a ba ta kore su ba, tun a hanya suka zube.

Bayan taron ƙasa, a takarda dai harsuna sun samu ƴanci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince a koyar da harsunan ƙasa tare da Faransanci. A 1999 aka fitar da ƙa'idojin rubuta manyan harsunan nan biyar a hukumance. A nan ne muka tsaya a kan ƴ mai ƙugiya, yayin da ƴan uwanmu na Najeriya ke rubuta 'y. A ƙarshen 2001 doka ta lissafa harsunan ƙasa goma: Larabci, Buduma, Fulatanci, Gurmanci, Hausa, Kanuri, Zabarmanci da Sonai a matsayin ɗaya, Tamajak, Tasawak da Tubanci. Ina son jerin nan ƙwarai, don ya sa Tasawak, wanda mutanen Ingal kaɗai ke yi, a layi ɗaya da Hausa mai miliyoyi. Amma a cikin goman babu maganar hannu, alhali kurame suna da harshensu mai nahawunsa. Makaho kuma da ya gama makarantar makafi ya ci bak, in ya zo jami'a ya tarar da darasi a fotokopi, sai ya nemi abokin da zai karanta masa. Mai keken guragu ya tarar da matakala. Waɗannan ba su da ƙungiyar da ke hawa dandamali a makon al'adu, abokan da ke karanta musu kaye da dare kuma ban taɓa ganin an kira su an ba su takardar yabo ba.

Abu mafi girma da aka yi wajen buɗe ƙofa, a ganina, shi ne kusantar da jami'a ga mutane. Kusan shekara arba'in jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasa mai faɗin Nijar. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Difa ya haura 1300. Uba nawa ne zai sa ɗiyarsa a kar ta yi wannan tafiya zuwa garin da ba ta da kowa? A 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 suka zama jami'o'i, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ta Maraɗi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ta Damagaram Andre Salifu wanda ya rubuta tarihin daular Damagaram, ta Tawa Jibo Hamani wanda ya rubuta na Adar, ta Tilaberi kuma Bubakar Ba. Na san ƴan mata da ba don an kawo jami'a garinsu ba da ba su taɓa shiga anfi ba. Sai dai kowane alheri da kuɗinsa. Yayyenmu da suka yi Yamai dole suka kwana ɗaki ɗaya da Batube da Bagurme, suka koyi Zabarmanci a kasuwa ko suna so ko ba su so. Yau yaro zai iya yin firamare da lise da jami'a duk a Maraɗi, ya fito da diplom bai taɓa zama inda Hausarsa ba ta aiki ba.

Muna yawan fakewa da wasan taubasantaka in an tayar da irin wannan magana. Gaskiya ne gado ne mai daraja, har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2014. Bafulatani ya tsokani Babarbare, Bagobiri ya ce Bazabarme bawansa ne, a yi dariya a watse, faɗan da zai tashi ya mutu. Na sha ganin yadda yake kashe wuta a layin resto. Amma wasa yana aiki ne tsakanin waɗanda suka riga suka samu wurin zama a tabarma ɗaya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa na ɗauki biro tun farko. A watan Maris 2025 sabon kundin da aka kafa bayan babban taron ƙasa ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, sauran kuma aka lissafa su a matsayin harsunan da ake magana da su a Nijar. Ranar da labarin ya fito na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na tuna da ƙashin da ke wuyan babana. Mu huɗu ne a ɗaki, uku Hausawa, na huɗun Bagurme ne daga wajen Makalondi. Muka yi ta hira muna ɗaga murya, shi yana kan gadonsa yana jin mu. Can na juya na ce masa da Faransanci, “Kai fa, ɗan uwa, ba ka ce komai ba.” Ya yi murmushi ya amsa mini da Hausa, Hausar da ban san ya iya haka ba: “Malam, ai shekara biyu ke nan Hausa ce harshen ƙasa a ɗakin nan.”

Muka yi dariya, amma ni dariyar ba ta kai ciki ba. Mutumin nan yana jin Gurmanci da Fulatanci da Zabarmanci da Faransanci, ga Hausa ya tsinta a bakinmu. Ni mai karatun ilimin harsuna, shekara biyu muna cin abinci kwano ɗaya, ko gaisuwar safe ban iya da harshensa ba, ban ma taɓa tambaya ba. Kullum in hira ta yi daɗi sai mu zame cikin Hausa mu bar shi, ba da mugunta ba, mu dai a wurinmu hakan shi ne daidai. Ban rataya masa ƙashi ba. Amma na gane cewa mai rinjaye ba ya bukatar ƙashi.

Ba ina cewa a mayar da hannun agogo baya ba. Fiye da rabin ƴan ƙasar nan Hausawa ne, wasu da yawa kuma suna jin ta a matsayin harshe na biyu. Daga kasuwar Agadas har ta Gaya da ita ake ciniki. Ƙasa ta yi mulki da harshen da mafi yawan mutanenta ke ji ya fi ta yi da wanda ƴan tsiraru suka koya a lakwal. Amma Faransanci, duk da muguntarsa, kowa baƙo ne a cikinsa: Bahaushe da Batube tare suke tuntuɓe a kan “le” da “la”. Ranar da Hausa ta haye gada ta shiga anfi, wasunmu za su shiga da harshen uwarsu, wasu kuma za su sake zama baƙi, wannan karon a gaban ƴan uwansu. Abdu Mumuni bai yi maganar harshe ɗaya ba, maganar harshen yaro ya yi, ko wane ne. Dokar 2001 ta sa goma a layi ɗaya. In mu Hausawa ba mu riƙe wannan ba, babu wanda zai riƙe mana, don mu ne yanzu ba za mu ji zafin ba.

Da muka zo haɗa wannan ɗan littafi na kawo shawara a rubuta kalmar maraba a bangon baya da harsunan nan goma. Kowa ya ce madalla. Hausa da Zabarmanci da Larabci ba su ba mu wahala ba. Fulatanci da Tamajak da Kanuri mun samu masu jin su nan da nan, amma da aka miƙa musu bik sai suka tsaya, don ba wanda ya taɓa koya musu rubuta harshensu. Sai da muka nemi wata ƴar ajinmu da ta yi makarantar harshe biyu tana yarinya, da wani da ya taɓa aikin yaƙi da jahilci. Gurmanci abokin ɗakina ya rubuta, bayan ya buga wa wani malamin cocinsu waya ya tabbatar da baƙaƙen. Tubanci mun samu a baki, mun rubuta yadda kunnenmu ya ji, wanda ya faɗa mana ya duba ya ce shi dai bai san ko haka ne ba. Buduma da Tasawak har ranar da za a kai aiki wurin bugu ba mu gamu da mai jin su ba, don haka za ku ga layi biyu babu komai a bangon. Na'urar mai bugun kuma ba ta san ƙ da ɗ da ƴ ba, balle ŋ da ə da ɣ. Mu biyar muka zauna daren Alhamis da baƙin bik muna sa wa baƙaƙe ƙugiya ɗaya bayan ɗaya kafin a kai fotokopi. In kun ga inda muka tsallake, ku sa da hannunku. Wanda kuma ya san ɗan Ingal ko ɗan tsibiran tafkin Cadi a cikin ɗalibai, ya turo mana shi kafin fitowa ta gaba.